Likita ya tura ɗana O.T., kakarsa tace a barshi zai yi da kanshi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana shi. Bari in ɗan maimaita abinda kika faɗa saboda masu irin damuwarki su gane inda muka dosa. Kince yaronki shekararsa huɗu da wata uku, yana tafiya yana gudu, yana magana duk da ba kowa ke gane abinda yake faɗa ba sai ku 'yan gida, amma har yanzu dunƙule fensir yake a hannu kamar wanda ya riƙe muciya, baya iya saka wando ko maɓalli da kanshi, in yana cin abinci rabi a baki rabi a tabarma, ga yawan tuntuɓe, malamarsu ta nazare kuma kullum ƙorafi wai baya zama waje ɗaya. Likitan yara ya duba shi yace jinkiri ne amma mara tsanani, ya rubuta muku takarda kuje O.T. Kakarsa tace ɓarnar kuɗi ce, babansa ma sai da ya makara kafin yayi wayo. Shine kike tambaya menene O.T. ɗin, gashin ƙashi ne ko me, kuma yaron zai kamo sa'anninsa?

Toh wannan aikin shi nake yi kuma da yara ƙanana nafi zama, dan haka zan ɗan ja bayanin, kiyi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Cikakken sunan okufeshonal terafi ne, mu dai a asibiti O.T. kawai muke cewa. Sunan ne ma yake rikita mutane, wasu in an fassara musu sai suce ai koyar da sana'a ne, yaro ɗan shekara huɗu ina shi ina sana'a. Abinda ake nufi shine duk abinda mutum yake cika yininsa da shi tun daga tashi har kwanciya. Na babba kasuwa ne da girki da tuƙi, na yaro kuwa wasa ne, cin abinci, saka kaya, zuwa banɗaki, zama a aji, riƙe alli. Duk wanda ya gagare shi a cikinsu mu muke zama mu gano a ina abin yake kakarewa sannan mu koya masa ta hanyar da zai iya ɗauka. Mai gashi, wato fisiyo, yafi duba ƙarfin gaɓɓai da tsayuwa da tafiya, mai koyar da magana yana duba furuci da fahimtar zance, mu kuma tambayarmu itace ƙafar nan da take da ƙarfi yana iya zura ta a takalmi da kanshi? Ayyukan suna shiga juna sosai shiyasa yara da yawa suke ganin biyu ko ma duka ukun, kuma tunda kince maganarsa bata fita sosai ina baki shawara ki tambayi likitan zancen mai koyar da magana shima. Ba sabon fanni bane, tun 1917 aka kafa ƙungiyar masu yinsa a Amurka, sai dai a Najeriya mu kaɗan ne ƙwarai, wuraren da aka daɗe ana koyar da shi sune Jami'ar Obafemi Awolowo dake Ile-Ife da wata makarantar tarayya a Oshodi ta Legas, shiyasa a nan arewa mutum zai girma ya tsufa bai taɓa jin sunan ba.

Ranar farko karki yi mamaki in kika ga babu allura babu na'ura, tabarma ce da kayan wasa. Za a fara da yi miki tambayoyi masu yawa, yaya cikinsa ya kasance, ya cika wata tara, yayi kuka da wuri da aka haife shi, yayi shawara a satin farko har idonsa yayi ɗorawa, ya taɓa jijjiga ko sanƙarau ko zazzaɓin da ya taɓa kai, yana da sikila. Ki faɗi gaskiya yadda kika tuna, ba dan a ɗora miki laifi ake tambaya ba, waɗannan sune abubuwan da suka fi taɓa ƙwaƙwalwar jarirai a wajenmu, kuma a yara da yawa masu irin wannan jinkirin mara tsanani ko an bincika ba a samun wani dalili guda da za a nuna. Bayan nan sai a zauna ƙasa da yaron. Ke zaki ga wasa ake, mu kuma ido muke sawa, yaya yake zama, yana iya miƙe bayansa ko sai ya jingina ko ya kwanta a kan tebur, in abu yana gefen hagu yana miƙa hannun dama ya ɗauko ko sai ya canza hannu, yana haɗa hannu biyu ɗaya ya riƙe ɗaya yayi aiki, yana tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuni, in an ce masa ɗauko kofi ka ɗora a kujera yana riƙe umarnin biyu a kansa. Akwai ma'aunin da muke bi, misali yawancin yara suna iya kwaikwayon layi a tsaye wajen shekara 2, da'ira wajen shekara 3, alamar tarawa wajen 4, mai kusurwa uku kuwa sai an kai 5 ko an haura. Kinga kenan yaron da bai gama da da'ira ba in aka tsare shi ya cika shafi da haruffa an ɗora masa kayan da wuyansa bai kai ba.

Zancen Hajiya kaka kuwa, ni bana son a yi mata gardama, dan tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Ta raini yara da yawa taga wanda yayi tafiya a wata goma da wanda sai da ya shekara da rabi kuma duk sun girma lafiya. Amma naki ba abu ɗaya bane ya makara, hannu ne da magana da daidaiton jiki da zama duk a tare, likita kuma ya gani da idonsa. Abinda yake bani tsoro a jira ba wai hannun zai lalace bane, yaron ne zai fara gane cewa shi baya iyawa. Yara suna da lura fiye da yadda muke zato, yana ganin ƙaninsa ya saka takalmi shi ya kasa, yana ganin malama ta yaba littafin na kusa da shi, a hankali sai ya koyi cewa bana so, ko ya yar da fensir ya gudu, daga nan a fara ce masa malalaci ko mara ji, a boko a zane shi a islamiyya a zane shi. Na sha karɓar yara 'yan shekara takwas tara da matsalar hannunsu ƙarama ce amma sai mun ɗau watanni muna lallashi kafin su yarda su taɓa takarda ma, wallahi abin yana taɓa min zuciya duk sanda na gani. Ki roƙi Hajiya ta raka ku ko sau ɗaya ne, kice mata so kike ta gani da idonta ta baku shawara. Kakannin da suka zo suka gani yawanci sune suke fin kowa riƙe aikin a gida, su suke da lokacin zama da yaro.

Yanzu ga inda nafi so ki bani hankalinki. Zaman da za ayi da shi a asibiti bai wuce minti 45 zuwa awa ɗaya ba, wataƙila sau ɗaya a sati, sati kuma awa 168 ne. Awa ɗayar nan bata isa ta canza yaro ba, amfaninta a gano abinda ya dace a nuna miki, gyaran na ainihi a tsakar gidanki zai faru. Dan haka karki yarda a karɓi yaron a rufe ƙofa ke kina waje kina danna waya, ki shiga ki zauna ki gani, kice a baki ki gwada a gabansu su gyara miki. Kuma ku zaɓi abu biyu ko uku kacal da kuke so ya iya nan da wata uku, abu na zahiri da za a gani, kamar ya saka wando da kanshi, ya cinye abincinsa da cokali ba tare da an bashi a baki ba, ya zana da'ira. In kika ce so nake ya zama daidai da sauran yara babu ranar da zaki san ko an ci gaba.

Ɗauki wandon. Yawancinmu iyaye mata da safe sauri muke, a shirya yara kar a makara, sai ki ɗaga shi cak ki zura masa komai cikin minti ɗaya, kuma soyayya ce tasa, amma kullum kika yi haka kin ɗauke masa darasin ranar. Yadda muke koyarwa daga ƙarshe muke farawa. Ki zaunar da shi a ƙasa ko kan 'yar kujera, ki saka masa ƙafafun duka biyu, ki ja wandon har cinya, sai ki bar masa jan ƙarshe zuwa ƙugu. Shi ya gama aikin kenan, sai ki nuna masa kinji daɗi, kice kai ka saka da kanka. Kwana uku huɗu in ya riƙe wannan sai ki tsaya a gwiwa, daga baya a idon sawu, daga baya ki saka ƙafa ɗaya ki bar masa ɗayar, har ranar da zaki miƙa masa wandon kawai. Dalilin farawa daga ƙarshe shine kullum da nasara yake tashi, ba da kuka ba. Ki fara da wando mai roba wanda ya ɗan yi masa yawa, banda mai zif da bel, kuma kar ki koyar da safen makaranta, ki bari sai bayan wankan yamma ko ranar da babu makaranta lokacin da ranki yake kwance. Maɓalli ma haka, ki samo rigar babansa mai manyan maɓallai ki shimfiɗa a gabansa, cirewa ta fi sakawa sauƙi dan haka da ita ake farawa, kuma a kan rigar da yake kallo a ƙasa kafin wadda take jikinsa. In kin taimaka masa ki tsaya ta bayansa ki ɗora hannunki a kan nasa, kuma duk sanda kika ji hannunsa ya fara tafiya da kanshi ki sassauta naki.

Ba sai kin sayi kayan wasa masu tsada ba, gidan Bahaushe cike yake da kayan aikinmu. Ki bashi ɗan ƙulli ko yumɓu ya mulmula ya cura kamar fura ya murza kamar ƙuli-ƙuli, wannan ƙarfin tafin hannu yake ginawa. Ya tayaki tsintar wake, ya ɓare gyaɗa, ya matsa maƙalan shanya ya jera su a bakin kwano, ya zura makaroni a igiya, ya buɗe murfin gora ya rufe, ya matse soso daga wannan roba zuwa waccan. In zaku yi alwala ki zuba ruwa rabin buta ki bari shi ya karkata ta, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na tarewa, haɗin hannu biyun da muke nema kenan kuma sau biyar ake yi a rana ba tare da kin ware masa lokaci ba. Tuwo ma ki barshi ya gutsuro ya daidaita lomarsa ya dangwali miya, ki shimfiɗa leda ƙarƙashinsa ki kauda kai daga ɓarin. Ga cokali ki fara da abu mai kauri da yake maƙalewa kamar fate ko kunu mai kauri kafin shinkafa mai warwatsewa, in mariƙin cokalin yayi masa siriri ki naɗa masa tsumma ko roba yayi kauri. Sai dai ki kula, wake da gyaɗa da duwatsun carbi kar a barshi da su shi kaɗai, musamman in akwai ƙanensa 'yan ƙasa da shekara uku, suna shaƙewa ko su tura a hanci.

Fensir kuwa ki ɗan ajiye shi tukunna. Yatsu basa iya aiki mai kyau sai kafaɗa ta tsaya, kafaɗa kuma bata tsayawa sai tsokar ciki da ta baya sunyi ƙarfi, shiyasa zaki ga mun sa yaro rarrafe da tura kaya alhali rubutu aka kawo shi ya koya. Ki bashi alli ko gawayi ya zana a jikin bango yana tsaye, manyan layuka da da'irori, ya zana da yatsa a cikin yashi, ya riƙe allo a cinya yana jan layi. In za a dawo takarda ki karya fensirin kala ya zama ɗan guntu kamar rabin yatsanki, guntun baya dunƙuluwa a tafi, dole yatsu uku su kama shi. Ya zauna inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, in kujerar ta yi tsawo a sa masa bulo ko kwali. Ki je ki samu malamar cikin mutunci ki nuna mata takardar likita, ki roƙe ta ta rage masa aikin gida zuwa layi biyu ko uku, ta zaunar da shi gaba kusa da ita, kuma in taga ya fara mutsu-mutsu ta aike shi ya goge allo ko ya raba littattafai maimakon tsawa.

Rashin zaman nan ma yana da alaƙa da abinda na faɗa, yaron da bayansa baya da ƙarfi zama gajiyar da shi yake, motsin da yake yi neman sauƙi ne. Kafin ki zaunar da shi kowane aiki ki bari jikinsa yayi aiki mai nauyi na minti biyar zuwa goma, ya tura kwandon wanki, ya ɗauko ƙaramin galan na ruwa, ya riƙe 'yar taɓarya ya daka, yayi tsalle, ya gara taya, yayi 'yar gala-gala da yara. Sannan zaman ya zama gajere, minti biyar da yayi da daɗin rai sau uku a rana yafi rabin awa na kuka. Ki duba barcinsa da wayar hannu kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bada shawarar yaro ɗan shekara 3 zuwa 4 ya samu barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, kallon waya da talabijin kuma kar ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma yafi. Yatsan da yake shafa gilashin waya ba abinda yake koyo na riƙo.

Baki faɗi wane hannu yafi amfani da shi ba. In kin lura bahago ne dan Allah a barshi yayi rubutu da zane da hagun, kusan mutum ɗaya cikin goma haka Allah ya halicce shi. Cin abinci da hannun dama za a iya koya masa a hankali da tunatarwa, amma yaron da dama can hannunsa yake wahala in aka ƙwace masa mai ƙarfin aka ce sai da ɗayan zai yi komai an ninka masa wahalar.

Ko zai kamo sa'anninsa? Bazan miki alƙawarin da ba a hannuna yake ba. Yara da yawa masu jinkiri mara tsanani in aka fara da wuri suna matsowa sosai har ya zama a firamare ba mai gane an taɓa kai su asibiti. Wasu kuma in sun ƙara girma sai abin ya fito da sunansa, akwai matsalar daidaita motsin jiki da take samun yara kamar 5 zuwa 6 cikin 100 wadda yawanci ba a yanke hukuncinta sai yaro ya kai shekara 5, akwai masu matsalar tara hankali, akwai masu ɗaukar karatu a hankali. Ko wanne ne ya zama, yaron da ya iya saka kayansa ya ci abincinsa ya tsarkake kansa a banɗaki ya shiga wasa da yara yana da rayuwa mai kyau a gabansa, kuma waɗannan duka ana koyonsu. Bayan wata uku ku zauna da mai O.T. ɗin ku duba abubuwan da kuka zaɓa, in babu motsi ko kaɗan ki tambaya me za a canza, haƙƙinki ne.

Ki yi hattara da masu cin kuɗin iyaye, sun yi yawa a wannan harkar. Duk wanda yace miki shi ma'aikacin O.T. ne ki tambayi lasisinsa, hukumar MRTB ce take yi mana rajista mu da masu gashi da masu koyar da magana. Wanda ya baki tabbacin warkewa cikin sati kaza, ko yake tallar garin magani ko sirof na buɗe ƙwaƙwalwa, ki riƙe kuɗinki. Haka in aka ce sai kin biya kuɗi mai yawa an saka shi a ɗakin lilo da ƙwallaye dan a gyara yadda jikinsa yake karɓar taɓi da motsi, wannan hanya ce da wata Ba'amurkiya Jean Ayres ta kawo kuma muna amfani da wasu dabarunta, amma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2012 tace hujjar amfaninta taƙaitacciya ce, dan haka ki tambaya wannan lilon ta yaya zai kai mu ga saka wando, in babu amsa mai gamsarwa ki nemi a koma kan aikin kai tsaye. Addu'a da tofi kuwa ki ci gaba da yi masa, basa hana zuwa asibiti, asibiti ma baya hana su.

Akwai abubuwan da ba namu bane, na likita ne kuma ba a jira da su. In kika ga ya daina yin abinda da ya iya, kalmomin da yake faɗa sun ɓace, ko yana ƙamewa ya ƙura ido kina kira baya ji na ɗan lokaci, ko jijjiga, ko ɓari ɗaya na jikinsa ya fi ɗayan rauni, ku koma asibiti a ranar, balle in yana da sikila. Sannan ki tabbatar an gwada jinsa da ganinsa, na sha ganin yaron da ake cewa baya ji magana ashe da gaske kunnen ne baya ji sosai, wani kuma tuntuɓen nasa tabarau kawai yake buƙata. A duba jininsa ko yayi ƙasa. In kuna zaune kusa da inda ake haƙar zinare ko niƙa dutsensa ki gaya wa likita a gwada gubar dalma, kin tuna abinda ya faru a Zamfara a 2010 da yara ɗaruruwa suka rasu, kaɗan ɗinta ma da bata kisa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma kwallin dutse da ake sa wa jarirai shima ana samun dalma a cikinsa, gara a daina sa masa shi da ƙanensa.

Ranar da zaku je ki tafi da takardar likitan da katin rigakafinsa da littafinsa na makaranta, da wandon da cokalin da yake amfani da su a gida. Kafin ranar ki ɗauke shi bidiyo a waya yana cin abinci da yana ƙoƙarin saka kaya ba tare da ya sani ba, dan yara in sunga baƙon waje ko dai su noƙe ko su ƙi yin komai, bidiyon minti biyu zai nuna abinda awa guda a ofis bazai nuna ba. Ki bashi abinci ya ƙoshi kafin ku fita, kar kuma a ce masa allura za ayi masa in yaƙi ji, kice wajen wasa zaku je. In kun dawo ki sanar dani abubuwan da kuka zaɓa da sakamakon gwajin kunnen, sai in ƙara miki wasu dabarun daidai da su in sha Allah.